Kuros ko CV: Wanne Ya Dace da Ƙarƙashin Jif Ɗinka?

Inji da giyabos a ɗaure suke a jikin mota, amma taya ba ta da zama wuri ɗaya. Tana hawa tana sauka yadda hanya ta ga dama, ta gaba kuma ga kwana dama da hagu a kanta. Ƙarfin inji kuwa ta cikin sandar ƙarfe mai juyawa yake bi ya isa gare ta. Ke nan dole sandar nan ta sami inda za ta lanƙwasa alhali tana tsakiyar juyi. Mahaɗi iri biyu ne ke ɗaukar wannan aiki a motoci ƙirar jif: kuros, wanda aka fi gani a jikin farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, da CV (constant velocity, ma'ana gudu marar canzawa), wanda ke bakin shaf ɗin da ke shiga taya.

Masu son mota sun daɗe suna musu a kansu. Wasu na cewa kuros shi ne ƙarfen gaske, CV kayan motocin kwalta ne. Wasu kuma na ganin kuros tsohon yayi ne da zamani ya wuce. Ni dai a ganina abu biyu ne ke yanke hukunci: yawan karkatar da mahaɗin zai yi aiki a kanta, da saurin juyinsa a inda aka ɗaura shi. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ba zai sha wahalar zaɓi ba, ko wajen sayen mota ne, ko ƙara mata tsayi, ko canza abin da ya lalace.

Kuros da lahaninsa na asali

Ɗauki kuros a hannu ka duba. Dunƙulen ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu an kifa masa ɗan kofi. Zare kofi ɗaya a hankali, za ka ga ƙananan allurai na ƙarfe a jere a bangonsa, giris ne kawai ya manne su. In guda ɗaya ta kwanta a gindin kofin wajen haɗawa ba ka lura ba, kofin ba zai zauna ba, ka matsa masa da ƙarfi kuma ya tsage. Hannu biyu suna shiga gwafar sanda ta farko, sauran biyun suna shiga gwafar ta biyu. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya, kuma wannan sauƙin shi ne babban jarinsa.

Tsohuwar dabara ce. Ana jingina sunanta ga Gerolamo Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, sannan Robert Hooke na Ingila ya yi nazarinta a shekarun 1670. Wanda ya shigo da ita harkar mota sosai shi ne Clarence Spicer na Amurka, da ya sami rajistar fasaharsa a 1903, kuma kamfaninsa ne ya zama Dana, mai ƙera aksul ɗin da ke ƙarƙashin jif da yawa har yau.

Hooke ne ya gano lahanin da har gobe yake tare da kuros. Idan sandunan biyu a miƙe suke, juyinsu ɗaya ne. Da zarar an karkata su, ko da ta farko tana juyi daidai wa daida, ta biyu sai ta riƙa yin sauri tana lafawa, sau biyu a kowane zagaye. A karkatar digiri 3 bambancin bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba, babu mai ji. A digiri 10 ya kai kimanin kashi 1.5 sama da ƙasa. A digiri 20 ya doshi kashi 6. A digiri 30 kuwa, sandar takan wuce gudun da aka ba ta da kusan kashi 15, ta dawo ƙasa da shi da kashi 13, duk a cikin rabin zagaye. Ka lura da yadda lissafin ke tashi: in ka ninka karkata sau biyu, fizgar takan ninka kusan sau huɗu.

Maganin da aka samo shi ne a sa kuros biyu, ɗaya a kowane bakin farfela, na biyun ya warware abin da na farko ya ƙulla. Amma da sharaɗi. Karkatar duka biyun sai ta zo ɗaya, gwafa biyun da ke jikin farfelar kuma su kasance a layi ɗaya. Ƙa'idar da maƙera farfela ke bayarwa ita ce karkatar kada ta wuce digiri 3 in ana son tsawon rai, bambanci tsakanin na gaba da na baya kada ya wuce digiri 1. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, miƙewa sambal ma illa ce. Kuros na son ɗan karkata, ko da rabin digiri ne, domin alluran su riƙa mirginawa suna yaɗa giris. In ba haka ba sai su tsaya wuri ɗaya su yi ta dannar hannun har su sassaƙa masa layuka.

Abin da CV ya zo da shi

Tayar gaba takan juya digiri 35 zuwa 40 a cikakkiyar kwana. Kuros guda a irin wannan karkata, fizgarsa har sitiyari take zuwa. Wannan matsalar ce ta sa injiniyoyi a shekarun 1920 suka duƙufa neman mahaɗin da gudun shigarsa da na fitarsa ɗaya ne ko yaya aka lanƙwasa shi. A Faransa an fito da samfurin Tracta a 1926. Amma wanda ya mamaye duniya shi ne na Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, wanda ya nemi rajistarsa a 1927.

Cikinsa ƙwallayen ƙarfe ne, galibi shida, a cikin keji, suna gudana a kwararo tsakanin dunƙulen ciki da ƙoƙon waje. An yanka kwararon ta yadda ƙwallayen kullum za su tsaya a tsakiyar kusurwar da sandunan biyu suka yi, rabi da rabi. Tunda wurin da ƙarfi ke tsallakawa yana nesa ɗaya daga kowace sanda, juyin ba ya hawa ba ya sauka. Irin wannan yakan lanƙwasa har digiri 45 ko ɗan sama, shi ya sa shi ake sawa a bakin taya. Na ciki, wanda ke kusa da giya, sau da yawa mai ƙafa uku ne, kowace ƙafa da ɗan gare a kanta. Bai kai na waje lanƙwasa ba, digiri ashirin da 'yan kai ne iyakarsa, amma yana zamewa ciki da waje, yana ba shaf damar ƙara tsawo da raguwa yayin da taya ke hawa da sauka.

Santsin nan ba a banza ake samunsa ba. Ƙwallayen suna gogar kwararo, gogayya na haifar da zafi, zafin kuma na ƙaruwa da karkata da sauri. Sannan rayuwar mahaɗin gaba ɗaya a hannun robar da ta lulluɓe shi take. Muddin robar na nan lafiya da giris ɗinta a ciki, CV kan yi shekaru masu yawa ba a waiwaye shi ba. Ranar da ta tsage, juyi zai watsar da giris ɗin waje, ƙasa da ruwa su shiga, sauran da ya rage ya haɗu da yashi ya koma abin niƙa ƙarfe. Leƙa bayan taya ka gani: in akwai baƙin giris a fesa a zagaye a cikin garma, da jikin shokzoba, da bututun burki, to robar ta riga ta tafi ko da ba ka ga tsagar da ido ba.

Inda kowanne yake a jif na zamani

A nan musun ke rage zafi, domin yawancin motocin nan duka biyun suke ɗauke da su, kowanne a gurbinsa.

Ɗauki taya mai zagayen mita 2.5 tana gudun kilomita 120 a sa'a. Tana juyi 800 a minti. Idan giyar difarenshal, wadda ke tsakiyar aksul tana raba ƙarfi ga tayoyi biyu, tana rage gudu huɗu bisa ɗaya, farfela na juyi 3,200 a minti ke nan. Ita farfela sauri gare ta, karkatarta kaɗan ce, kuma kusan ba ta canzawa. Gidan kuros ke nan: allurai masu mirginawa, zafi kaɗan, ba robar da juyi zai kumbura. Shaf ɗin taya kuwa juyinsa rubu'in wancan ne, amma ƙarfin murɗar da kowane ɗaya ke ɗauka ya kai ninki biyu na farfelar, karkatarsa mai yawa ce, kuma tana canzawa kowane daƙiƙa. Gidan CV ke nan.

Ƙananan jif da aka gina a kan tsarin motar gida, irin su Toyota RAV4 da ta fito a 1994 da Honda CR-V da ta biyo baya a 1995, kowace taya cin gashin kanta take yi, don haka CV ne a kowane shaf. Mai ja da tayoyi huɗu a cikinsu yana da CV takwas, da siririyar farfela mai zuwa baya. Manyan da ke kan firam, irin su Prado da Land Cruiser tun daga samfurin 100 na 1998, gabansu CV ne, bayansu sandararren aksul ne da farfela mai kuros. Jif masu lantarki da ke da injin lantarki ɗaya a gaba, ɗaya a baya kuwa sun sallami farfela baki ɗaya, CV kaɗai ya rage musu.

Inda kamfanoni suka saɓa da gaske shi ne sandararren aksul na gaba, kuma wurin ya cancanci a tsaya. Jeep Wrangler ya daɗe yana sa kuros a gwiwar tayar gaba, a buɗe, kana ganinsa da ido. Hujjar ita ce motar da tayoyin baya take tafiya a kwalta, sai an shiga yashi ko laka ake haɗa na gaba, a can kuwa ƙasa mai santsi takan shanye fizgar. Gwada cikakkiyar kwana da tayoyi huɗu a haɗe a busasshiyar ƙasa, za ka ji gaban motar na tsalle-tsalle, sitiyari na ƙwacewa a hannunka. Shi ya sa a nau'o'in da kamfanin ya sa wa tsarin jan tayoyi huɗu na kullum, CV ya koma sawa a wurin. Toyota kuwa ta bi wata hanya tun da can. Land Cruiser 70, da ake ƙerawa tun 1984, da samfurin 80 na shekarun 1990, suna da CV irin na Birfield, mai ƙwallaye kamar na Rzeppa, a cikin rufaffiyar gwiwa ta ƙarfe cike da giris, babu robar da ƙaya ko dutse zai yaga. Duk mai cewa CV ba ya jure daji, sai ya dubi inda waɗannan motocin suka yi suna. Nasu ciwon daban ne: silin cikin aksul in ya gaji, man giya ya gauraya da giris ya riƙa tsiyaya ta bayan taya, gyaran kuma sai an kwance gwiwar gaba ɗaya.

Abin mamaki, shi Wrangler ɗin da ya riƙe kuros a gwiwa, tun samfurin 2007 CV ya sa a bakin farfelarsa, domin farfela gajera ce, aksul na hawa da sauka sosai, ana kuma son rage karkarwa a babbar hanya.

Ƙarfi, gyara, da yadda kowanne ke mutuwa

Maganar wanne ya fi ƙarfi ba ta da amsa guda. A miƙe, CV mai kyau ba ya jin tsoron kuros mai girmansa. Dukansu ƙarfinsu na raguwa in an lanƙwasa su, kuma abin da ya fi kashe su ɗaya ne: taya ta tashi sama tana juyi a banza, direba na kan totur, sitiyari a murɗe, sannan ta faɗo ta cafki dutse. A CV keji ne ke fashewa. A kuros kofi ne ke fita ko kunnen gwafa ya ɓalle, sau da yawa ya tafi da shaf ɗin.

Inda kuros ya yi zarra shi ne gyara. Ƙarami ne, ana iya ajiye guda a mota, girmansa kuma na bin lambobi sanannu irin su 1310 da 1350. Mai guduma da soket da haƙuri zai canza shi a gefen hanya. Ba ya tsoron ciyawa ko igiyar da ta naɗe masa. Sai dai yana son kulawa. Mai bakin ɗura giris sai an riƙa ɗura masa a kan lokaci, musamman bayan an ratsa ruwa, a ci gaba da bugawa har sabon giris ya ɓullo ta duka kofuna huɗu. In uku suka fitar ɗaya ya ƙi, wannan ɗayan shi ne zai mutu. Akwai kuma rufaffe wanda ba a ɗura masa komai. Cikinsa ba huji, silinsa ya fi kyau, kuma ga wanda ya san ba zai riƙa shiga ƙarƙashin mota da famfon giris ba, shi zan ce ya saya. Mai baki wanda ba a ɗura wa ya fi rufaffe saurin lalacewa.

Amma a yi hattara da ƙananan jif. Da yawa cikinsu kuros ɗin farfelarsu an danne shi ne da bakin gwafa a masana'anta, ba a yi shi don cirewa ba, kamfani farfela sukutum yake sayarwa. Ke nan sauƙin gyaran da ake yabon kuros da shi bai shafe su ba, sai in an sami ƙwararren da zai sassaƙe wurin ya kuma daidaita nauyin farfelar bayan ya gama.

Kowanne da irin kukansa. CV na waje ƙas-ƙas-ƙas yake yi in ka murɗe sitiyari ka taka totur. Na ciki girgiza yake kawowa lokacin ɗaukar gudu, ka saki totur ta lafa. Kuros kuwa ƙwal yake yi in ka sa giyar gaba ko ribas, ko ɗan ƙii-ƙii a tafiyar sannu, ko karkarwa a ƙasan kujera da ke ƙaruwa da gudu. Jan garin tsatsa a bakin kofi alama ce alluran sun bushe suna cin junansu.

Ƙarshensu ma ba ɗaya ba ne, kuma wannan ya fi damuna. CV kan daɗe yana gargaɗi, in ya karye galibi motar ce kawai za ta ƙi tafiya. Kuros na gaban farfelar baya in ya tsinke a guje, bakin farfelar ƙasa yake faɗowa. Tana iya dukan tankin mai, ta fasa giyabos, ko ta kafe a kwalta ta ɗaga bayan motar. Kuros mai kuka ba abin da za a ce sai wata mai zuwa ba ne.

Wajen zaɓi

Wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce, da ɗan burji jefi-jefi, CV a kowace taya shi ya dace da shi, kuma ba shi da dalilin kallonsa a matsayin rauni. Aikinsa guda ne: duk lokacin canjin mai a haska fitila a kan robobin nan. Wanda ke ɗaukar kaya masu nauyi, yana nisa da inda ake samun kayan gyara, yana ratsa ruwa da duwatsu, sandararren aksul da farfela mai kuros da bakin ɗura giris sun fi masa kwanciyar hankali, domin abin da ya lalace zai gyaru a inda ya lalace.

Ƙara wa mota tsayi shi ne inda aka fi yin ɓarna. Lissafin a fili yake. Farfela mai tsawon mita 1, ka ɗaga motar santimita 5, ka ƙara mata karkatar kusan digiri 3, wato ka cinye duk ragowar da kuros ke da ita. Gajerar farfela mai santimita 60, ka ɗaga santimita 10, ƙarin ya haura digiri 9. Shaf ɗin taya mai santimita 50 kuwa, ɗagawar santimita 5 na ƙara masa kusan digiri 6, kuma a haka zai zauna dare da rana, ninkin robar na gogar juna har ta huje. Shi ya sa mota mai tayoyin gaba masu cin gashin kansu ba ta son ɗagawa mai yawa, sai in za a sauko da difarenshal ɗin gaba ƙasa a rage karkatar.

A motar da aka ɗaga sosai, CV na farfela shi ke fara gajiya, domin an haɗa masa abu biyun da ba ya so, sauri da karkata ta dindindin. A nan ne kuros tagwaye ke da amfani: kuros biyu a manne, da ƙwallo a tsakaninsu mai raba karkatar biyu daidai, har juyin ya fito kusan santsi irin na CV. Amma saitinsa daban ne. Farfela mai kuros ɗaya a kowane baki tana son bakin giya da bakin difarenshal su kalli alkibla ɗaya, a jere da juna kamar ƙarafan layin dogo biyu. Mai tagwaye kuwa tana son a ɗaga hancin difarenshal ya kalli farfelar kai tsaye, saura digiri ɗaya ko biyu. Wanda ya sayi tagwaye ya bar saitin da, kuɗinsa ya fita, karkarwar tana nan. Motar da ba a ɗaga ba kuwa, ban ga dalilin cire mata CV na asali a sa kuros da sunan ƙarfi ba. Ƙarin ƙara da ƙarin aikin giris kawai za a samu.

Saura batun canza abin da ya lalace. In roba ce ta tsage kwanan nan, mahaɗin bai fara kuka ba, wanke shi tas, a duba kwararo da ƙwallaye, a sa sabuwar roba da sabon kilif. Shaf na asali da sabuwar roba sau da yawa ya fi sabon shaf mai araha, wanda ƙarfensa da robarsa ba su kai ba, wani ma da girgizarsa yake zuwa tun ranar farko. In ya riga ya fara ƙas-ƙas, sabon giris zai rage ƙarar na ɗan lokaci ne kawai, ramin da ya ci a kwararo ba ya cikewa. Giris ɗin ma a kula: na waje baƙin giris mai sinadarin moli yake so, mai ƙafa uku nasa ya fi ruwa-ruwa, kuros kuma na litiyam. Wanda ya zo a cikin kwalin robar shi za a zuba, duka, ba a haɗa shi da wani.

In farfela za a sauke, a sa wa tayoyi waigi tukuna, domin da zarar an kwance ta, giyar fakin ba ta riƙe tayoyin baya. Sannan a ɗauki fenti a yi alama a inda take haɗuwa da giya, da inda take haɗuwa da difarenshal, da kuma wurin da take zamewa cikin kanta. Haƙori ɗaya in ya goce wajen mayarwa, gwafa biyun sun bar layi, kuma sabon kuros ɗin zai yi karkarwar da za a ɗora wa taya ko boris alhali ba su da laifi.